Kafin A Buga Biza: Aikin Me Ɗanmu Zai Je Yi?

 

Akwai wata tambaya da iyaye suka fara kawo wa malamai a 'yan shekarun nan. Yaro ya karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, ko kuwa ya koyi rubuta manhaja da kansa a kan tsohuwar kwamfutar yayansa, ga shi wani kamfani a Jamus ko Dubai ko Kanada ya ce yana son sa. A bar shi ya tafi ko a hana shi? Galibi abin da ake fara bincika shi ne ko ƙasar ta Musulmi ce, ko akwai masallaci kusa, ko ana samun naman yanka. Tambayoyi ne masu kyau, amma a ganinmu ana tsallake waɗanda suka fi su nauyi. Ba a cika tambayar me kamfanin yake sayarwa ba, ba a kuma cika tambayar ta wace ƙofa yaron ya samu aikin ba.

Ba mu ga laifin matashin da ya ɗaga kai ya dubi waje ba. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Wanda albashinsa na naira ne ya wayi gari rabin guminsa ya narke, alhali kwamfutar da yake aiki da ita da dala ake sayenta. Ita ma gwamnatin tarayya, da ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha a 2023, ba ta ɓoye cewa tana fatan kasuwar duniya ta ɗauki wasunsu ba. Shari'a kuwa ba ta ƙi tafiya neman halal ba. A ƙarshen Suratul Muzzammil Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci masu tafiya a bayan ƙasa suna neman falalarSa a jere da masu fita ɗaukaka addininSa, Ya kuma sassauta wa dukansu tsayuwar dare. Bahaushe bai taɓa zama baƙo ga wannan ba. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kafa zango a Kumasi da Ankara, wasu sun zauna a Sudan a kan hanyar Makka har jikokinsu suna can.

Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun yi taka-tsantsan game da zuwa ƙasashen da ba na Musulunci ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure zai tuna cewa ta karhanta tafiya fatauci zuwa ƙasar abokan gaba. Abin da ɗalibi yakan yi murmushi a kansa shi ne, a wuri guda ta haɗa har da ƙasar baƙar fata, wato irin tamu, domin a zamanin marubucin, sama da shekara dubu da ta wuce, Musulunci bai kafu a nan ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hukuncin yana bin dalilinsa ne: tsoron kada Musulmi ya faɗa inda za a wulaƙanta shi ko a hana shi addininsa. Malaman wannan zamani, irin su Shaihu Ibnu Usaimin, Allah Ya jiƙansa, sun sa sharuɗɗa ga mai tafiya: ya kasance da ilimin da zai kare shi daga shubuha, da addinin da zai kare shi daga sha'awa, sannan akwai buƙatar tafiyar. Duk wannan magana ce a kan wurin da za a je da halin mai zuwa. Matsalar ita ce aikin kwamfuta yana da wata siffa da fataucin goro ba shi da ita. Mai goro kowa yana ganin kayansa a kan jaki. Mai rubuta manhaja kuwa, ko mahaifinsa ya tsaya a kansa yini guda, ba zai iya gane ko asibiti yake gina wa tsari ko gidan caca ba.

Mu fara da ƙofar shiga, domin a nan ne mutane da yawa suke zamewa tun kafin su taka jirgi. Ƙofofin gaskiya suna nan, amma ƙanana ne, kuma suna ƙara tsukewa. Amurka tana ba da bizar ƙwararru da ake kira H-1B guda 85,000 a shekara, masu nema sun ninka haka, shi ya sa ake yin ƙuri'a. A watan Satumban 2025 kuma gwamnatin Trump ta ɗora kuɗi dala 100,000 a kan sababbin buƙatun ɗauko ma'aikaci daga waje. Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a ba baƙon ma'aikaci daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ta sake ɗaga shi zuwa 41,700 a Yulin 2025, abin da ya sa kamfanoni ba sa son ɗauko sabon shiga. Jamus ce ta ɗan sassauta: tun Nuwamban 2023 ƙwararren kwamfuta da ba shi da digiri yana iya samun izinin aiki idan ya nuna ya yi shekara uku yana sana'ar, sannan daga Yunin 2024 ta buɗe wata biza ta shekara ɗaya ga mai zuwa neman aiki wanda ya cika maki kuma yake da abin ciyar da kansa. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa kamar farashin kasuwa, don haka shafin hukumar ƙasar ake dubawa, ba bakin ejan ba. Abin lura a cikinsu duka shi ne, shekarun ƙwarewa ake saye.

To, yaron da ya yi shekara ɗaya yana aiki, ana neman mai shekara uku ko biyar, me zai yi? Nan ne shaiɗan ya kafa rumfa. An wayi gari ƙarya a takardar bayanin ƙwarewa, wadda aka fi sani da CV, ta zama kamar kwalliya. Ana ƙirƙiro kamfanin da ba a taɓa yi wa aiki ba, a sa lambar aboki a matsayin tsohon shugaba. Ana biyan wani gwani ya zauna jarrabawar rubuta manhaja da sunan mai nema, ko ya laɓe a gefe yana raɗa amsa lokacin intabiyu ta bidiyo. Masu aiki daga gida suna hayar asusun wani mazaunin Turai don a ɗauka daga can suke. Wasu kuma suna sayar da gonar gado su miƙa wa dillali miliyoyi don ya samo musu takardar shaidar ɗaukar aiki ta Birtaniya, takardar da ba hajar sayarwa ba ce a dokar ƙasar. Idan ka yi magana sai a ce maka kowa haka yake yi, kuma ai Turawa ne ake yi wa.

Wannan uzuri na ƙarshe shi ya fi ba mu tsoro, domin yana nuna an fara ɗaukar amana a matsayin abin da ake bin Musulmi kawai. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi aiki a wurin sarkin da ba mai imani ba, ya kuma faɗi cancantarsa da bakinsa, sai dai abin da ya faɗa gaskiya ne: tsare amana da sanin aiki. A Suratul Ƙasas ma, 'yar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa aiki, ƙarfi da amana ta ambata. Ke nan babu laifi mutum ya tallata kansa, ya tsara takardarsa da kyau, ya koyi yadda ake amsa tambayoyin intabiyu, ya nuna ayyukan da ya gina da hannunsa. Laifin yana wajen faɗin abin da babu. Ɗaukar aiki ƙulla yarjejeniyar ijara ne, mai ɗauka ya biya ne a kan siffar da aka faɗa masa. Malamai sun yi bayani a kan albashin wanda ya shiga aiki da takardar ƙarya: da yawansu suna ganin idan ya iya aikin yana kuma yin sa yadda ake so, ya tuba, albashinsa ladan guminsa ne, idan bai iya ba kuwa yana cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Amma babu wanda ya ce ƙaryar ta halatta tun farko. Ko ta fuskar duniya cinikin hasara ne. Birtaniya tana hana wanda aka kama da yaudara a neman biza shiga ƙasarta shekara goma, Amurka kuwa tana iya rufe masa ƙofa har abada. Kowane wanda aka kama kuma yana ƙara wa ɗan'uwansa mai gaskiya da ke bayansa a layi nauyin zargi.

Yaudarar tana kuma zuwa daga ɗaya ɓangaren, kuma ta fi muni. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu damfara ta intanet. Rahoton ya ce da yawansu masu ilimi ne, sun iya kwamfuta, suna jin harsuna. Yadda ake kama su kusan iri ɗaya ne. Talla ce a Facebook ko Telegram: ana neman ma'aikacin kwamfuta ko mai kula da abokan ciniki a Tailan, albashi da dala, kamfani zai biya kuɗin jirgi da masauki, ba a buƙatar wata ƙwarewa. Mutum ya sauka a Bankok, a ɗauke shi a mota sa'o'i da yawa zuwa bakin iyaka, a tsallaka da shi kogi zuwa yankin Myawaddy, a karɓe fasfo. Daga nan aikinsa shi ne ya zama budurwar ƙarya ko masanin zuba jari na ƙarya, yana yaudarar mutane su zuba kuɗinsu a kirifto. Wanda bai kawo adadin da aka yanka masa ba ya sha duka, ko a sayar da shi ga wani gidan. Da Tailan ta yanke wa yankin wuta a Fabrairun 2025 aka fito da dubban mutane, cikinsu har da 'yan Habasha da Kenya. Kada mu ce abin yana nesa. A watan Disamban 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a unguwar Victoria Island ta Legas, 148 'yan ƙasar Sin, 40 'yan Filifin, mafi yawan sauran kuwa matasanmu ne da aka ɗauka saboda sun iya kwamfuta.

Alamomin irin wannan tarko ba ɓoyayyu ba ne. Kamfanin ƙwarai yana wahalar da mai nema da zagayen intabiyu uku ko huɗu, yana da adireshin da za a iya bincikawa da ma'aikatan da ake iya gani, yana aiko da kwantiragi a rubuce, kuma ba ya karɓar ko sisi daga hannun wanda zai ɗauka. Wanda ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya, ko ya ce ka biya kuɗin ajiye gurbi, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Iyaye ba sai sun iya kwamfuta ba kafin su yi waɗannan tambayoyi.

Sai mu zo ga aikin kansa, wanda shi ne inda fatawa ta fi wuya. Cikin masu ɗaukar baƙin ƙwararru da sauri, suna biya da tsoka, akwai kamfanonin caca ta intanet, waɗanda da yawansu suka yi sansani a tsibirin Malta, da kamfanonin ba da bashi da ruwa ta wayar hannu. A tallar aikinsu ba za ka ga kalmar caca ko riba ba. Za a ce maka harkar wasanni ce, ko fasahar kuɗi, kuma abin da za ka riƙa gani a allonka lambobi ne da rumbun bayanai, ba kwalbar giya ba. Amma wanda ya rubuta tsarin da ke lura da lokacin da ɗan caca ya fara gajiya don a tura masa tayin da zai dawo da shi, ya san abin da hannunsa ya gina. Mun ga irin wannan manhaja a aljihun yaran unguwanninmu, mun ga abin da ta yi wa kuɗin makaranta da jarin masu shago. Mun kuma ga manhajojin bashi da ke kwashe lambobin wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai musu samame a 2022. Kowace ɗaya daga cikinsu wani ƙwararre ne ya zauna ya rubuta ta. Hadisin Jabir, Allah Ya yarda da shi, da ke cikin Sahihu Muslim bai tsaya ga mai cin riba da mai bayar da ita ba, ya haɗa da magatakardan da ya rubuta da shaidun da suka sa hannu. A zamanin da babu magatakarda sai manhaja, wa ya gaji kujerarsa?

Ba muna cewa duk aikin da ya shafi banki ko babban kamfani haramun ne ba, kuma masu saurin yanke wannan hukunci suna jefa matasa cikin ƙunci ba tare da hujja ba. Akwai bambanci tsakanin wanda aka ɗauka ya tsara lissafin kuɗin ruwa kai tsaye da wanda yake aiki a kamfanin da ke sayar da ma'ajiyar bayanai ga kowa da kowa, asibiti da makaranta da banki. Malamai sun daɗe suna rarrabe taimako na kusa a kan saɓo da sababi na nesa, kamar yadda suka rarrabe mai sayar da inabi a kasuwa da mai sayar da shi ga wanda ya san giya zai matsa. Tsakanin gefen biyu akwai fili mai faɗi da ke buƙatar a dubi kowane aiki da idonsa. Haka nan hannun jarin da kamfanoni kan haɗa wa ma'aikaci cikin albashi, da asusun fansho da ake zuba masa, duk suna da ma'aunin da hukumar AAOIFI mai mazauni a Bahrain ta tsara, amma kaɗan ne cikin masu tafiya suka taɓa jin sunanta.

Wani abu da masu shirin tafiya ba sa lissafawa shi ne, bizar aiki a ɗaure take da kamfani. A Amurka da Birtaniya wanda aka sallama yana da kimanin kwana 60 ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara. Wannan kuma ba tatsuniya ba ce: Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, a Janairun 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Mutumin da kwanakinsa suke ƙarewa, ga haya, ga yara a makaranta, ga dangi goma a gida suna jiran saƙon ƙarshen wata, shi ne yake karɓar aikin da da can zai ƙi. Saboda haka ajiyar kuɗin wata shida, da barin ƙofar dawowa gida a buɗe ba tare da jin kunya ba, suna cikin kayan kare addini. Mu ma na gida muna da hannu a ciki. Idan muka mai da wanda ya tafi rijiyar da ba ta ƙafewa, muka kuma mai da dawowarsa abin gori, mu ne muka tura shi.

Wasu iyaye hankalinsu yakan kwanta da zarar an ce Dubai ko Riyad ko Doha. Babu shakka jin kiran salla da kusanci da Harami ni'ima ce, kuma ƙasashen Larabawa da Malesiya suna da bankunan Musulunci da kamfanonin takaful masu neman ƙwararru. Amma a can ma akwai kamfanonin da ke rayuwa a kan riba da garari, akwai kuma masu sauya kwantiragi bayan an sauka. Wasu kuma suna murna cewa ɗansu bai je ko'ina ba, yana ɗakinsa a Kano ko Zariya ana biyan sa da dala. Madalla, amma wa yake yi wa aikin? Yana iya kasancewa bai taɓa rasa jam'i a masallacin unguwa ba, alhali kamfanin caca ne yake biyan sa.

Wannan ya kawo mu ga malamanmu, cikin girmamawa. Fatawa a kan abu reshe ce ta fahimtarsa. Matashin da ya zo da takardar tayin aiki yana buƙatar wanda zai tambaye shi daga ina kamfanin yake samun kuɗinsa, wane sashe za a sa shi, me manhajar take yi wa mai amfani da ita. Amsar "ka ji tsoron Allah" kawai, ko "ai lalura ce" kawai, ba ta raba masa gardama. Ayarin fatake na da yana da madugu da ya san hanya, da jagaba, da malamin da ke tafiya tare da su, a kowane zango kuma akwai mai masaukin da ya san 'yan kasuwar gari, ya san na ƙwarai ya san macuta. Ɗan fasahar yau shi kaɗai yake tafiya, daga shi sai wayarsa. Muna da 'ya'ya da suka yi shekaru suna wannan aiki a Landan da Balin da Toronto da Dubai. Babu abin da zai hana kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi na jami'o'inmu su haɗa su da malaman fiƙihun mu'amala, ta yadda kafin yaro ya sa hannu a kwantiragi wani da ya san garin zai duba masa kamfanin, wani da ya san hukunci ya duba masa aikin.

Saura haƙƙin waɗanda ake bari a gida, kuma ba ƙarami ba ne. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya mayar da mutumin da ya zo neman fita jihadi zuwa ga iyayensa da ke raye. Wanda shi kaɗai ne mai jinyar tsohuwa, babu albashin da zai zama madadinsa a bakin gadonta. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya ƙayyade watannin da mayaƙi zai yi nesa da iyalinsa, malaman Malikiyya kuma sun ba matar da doguwar tafiyar miji ta cutar da ita damar kai ƙara gaban alƙali ko da yana aiko da ciyarwa. Saboda haka cikin tambayoyin da za a yi wa kamfani tun ranar farko akwai wannan: bizar tana ba da damar tafiya da iyali, kuma albashin zai ɗauki gidan mutum biyu ko uku a wannan gari? Idan amsar a'a ce, sai a zauna da matar da waliyyanta a yanke wa'adi sananne, wata kaza ko shekara kaza, da yardarta, kafin a sayi tikiti.